Ranar da Gemuna Ya Narke a Ain Khaled

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗan Dakta Aminu ba, ko da yaron ya girma ya haifi nasa. A ranar ce na tsaya gaban jama'a ina zuba jawabi, gemuna kuma yana bin wuyana.

Ni injiniya ne, shekarata tara a Doha, muna zaune a Al Rayyan da matata, Maman Hanifa. Na ba hamsin baya (da kaɗan, a lura), furfura kuma ta cinye fiye da rabin gemuna. 'Yan Najeriya na nan Baba Injiniya suke kirana, in ana taro ni ake ba kujerar gaba. Ban taɓa jin haushin sunan ba sai a makon da zan ba ku labarinsa.

Wata Laraba na dawo daga aiki da wuri, na tarar da takalman baƙuwa a bakin ƙofa. Sista Rifkatu ce, maƙwabciyarmu 'yar Kafanchan, ma'aikaciyar jinya, aminiyar matata. Ina cikin cire takalmi na jiyo su a falo suna dariya. Rifkatu tana karanto mata wani abu daga waya: wai wata jarida a Ingila ta tambayi jama'a su zaɓi mazan da suka fi kyau cikin 'yan fim da mawaƙan ƙasarsu, aka jera su ɗaya zuwa goma.

"Wannan na ɗayan su wa suka zaɓe shi?" in ji Rifkatu. "Kamar bai taɓa cin tuwo ya ƙoshi ba."

"Ni dai a bar ni da na uku," in ji matata. "Dubi gemun nan, Sista. Wallahi gemun nan..."

Ban tsaya jin sauran ba. (Mutumin kirki sallama zai yi ya shiga. Ni kuwa sai na sulale ta kicin, da takalmi ɗaya a hannu.) Shekara ashirin da biyu muna tare, ban taɓa jin ta yabi gemun wani ba, har da nawa.

Ina shiga ɗaki na kulle ƙofa, na shiga bincike a waya. Jerin farko da ya fito shi na buɗe, na gangara zuwa na uku. Wani saurayi ne da bai kai talatin ba, gemu baƙi wuluk, gefensa kamar an ja da rula. Na dubi madubi, na ga nawa kamar an watsa masa toka. Kwana biyu ina cin abinci ina ajiyar zuciya. Matata ta tambaye ni lafiya, na ce aiki ne.

Ranar Asabar, ranar sunan, Maman Hanifa ta tafi tun da safe don ta taya matar Dakta girki. Na ga dama ta samu. Ban je wurin mai askina ba, don ɗan Zangon Kumasi ne, abin da ya gani da safe kafin la'asar ya kai Kano. Na hau jirgin ƙasa har unguwar Mansura, na zaɓi wani ɗan shago a lungu inda ba wanda ya san ni.

Mai askin ɗan Bangaladash ne. Na nuna masa hoton. Ya dubi hoton, ya dube ni, ya sake duban hoton, ya daɗe. Sannan ya ce, "Yalla," wato "mu je," irin yadda likita ke faɗa in ya yanke shawarar gwada sa'a. Ya shafa min rini, ya wanke. Da ya ga kumatuna gashin bai cika ba, sai ya ɗauko wani gwangwani, ya kara kati a fuskata, ya fesa baƙi ya cike gurbin. Har goshina ya gyara wa iyaka. Da zan tafi ya yi min wani dogon bayani yana nuna famfo yana girgiza yatsa. Ban gane ba, na gyaɗa kai kamar na gane.

Gaskiya a madubin shagon na burge kaina. Na koma gida na saka farar shadda, babbar riga da 'yar ciki, na kafa hula, na nufi Ain Khaled, unguwar su Dakta.

Bayan la'asar aka yi taron, a tsakar gidan Dakta, ƙarƙashin rumfa. Watan Satumba ne. Wanda ya san Doha ya san irin zafin nan mai laima, wanda kana tsaye ba ka yi komai ba rigarka za ta manne. Ina shiga duk ido ya dawo kaina. Malam Sani, wanda ke mana karatu ranar Juma'a, ya riƙe hannuna ya ce, "Injiniya, yau ƙaninka ka turo mana?" Na ɗauka yabo ne. Har na ce masa na gode.

Bayan an ci shinkafa da naman rago aka ce Baba Injiniya ya yi jawabi a madadin jama'a. Na karɓi makirufo. Minti biyu da farawa gumi ya karyo. Na laluba aljihu babu hankici, sai na kama hannun babbar riga na share fuska tun daga goshi har haɓa.

Na yi wani ɗan barkwanci a kan Dakta, aka fashe da dariya. Dariyar ta fi ƙarfin barkwancin, amma ban yi tunanin komai ba. (Na ce a raina, ashe gyaran gemu har baki yake buɗewa.) Na ƙara wani, na sake share fuska. Sai na hango Malam Sani ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. A daidai nan wani abu ya ɗiga a ƙirjina. Na duba. Baƙi. Na dubi hannun rigata, kamar an goge tukunya da shi. Na dubi tafina. Maganar da ke bakina ta tsaya a tsakiya, har yau ban san me nake shirin faɗa ba.

Allah ya saka wa Dakta Aminu da alheri. Kafin in ankara ya miƙe ya karɓi makirufon, ya tsaya a gabana ya kare ni da jikinsa. "Jama'a, Baba ya yi mana gumi, mun gode. Malam, a yi mana addu'a." Kowa ya ɗaga hannu ya sunkuya, shi kuma ya ja ni cikin gida. Daga baya na ji ya bi masu waya ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Wanda ya ɗauka ya goge, amana ce." Shekara biyu ke nan, ban taɓa ganin bidiyon ba.

A banɗaki na ga kaina a madubi, kamar bakaniken da ya kwana a ƙarƙashin tirela. Aka ƙwanƙwasa. Maman Hanifa ce, da sabulu da tawul da jallabiyar Dakta. Ba ta yi dariya ba. Ta zaunar da ni, ta shiga goge min wuya.

"Baban Hanifa, me ya kai ka?"

Na so in ce tsautsayi ne. Amma mutumin da matarsa ke wanke masa kunne ba shi da sauran girman da zai kare. Na faɗa mata komai, har da takalmin da ke hannuna, na nuna mata hoton saurayin.

Ta dubi hoton. Ta buɗe ƙofa kaɗan ta kira Rifkatu, wadda ita ma ta zo sunan, ta ce, "Sista, ara min wayarki." Ashe jerin ba ɗaya ba ne, kowace jarida da nata. Na ukun da suka gani dattijo ne da ya girme ni, gemunsa fari fat.

"Da ka tsaya ka ji ƙarshen maganar," in ji ta, "cewa na yi gemun nan irin na Baban Hanifa ne sak."

"Gaskiya ne, Baba," in ji Rifkatu daga bayan ƙofa. "Har na ce mata ta cika son kai."

Sai a lokacin matata ta saki dariyar da take riƙe da ita, har sai da ta dafa bango. Ni ma na yi, da kumfa a fuska, idona kuma ya ɗan kawo ruwa. Na ce sabulu ne.

Feshin ya fita, rinin ya ƙi. Washegari na aske gemun gaba ɗaya, mai gadin ofis ya duba katina sau biyu kafin ya bar ni in wuce. Mako shida na yi ina jiran furfurata ta dawo, ina leƙa madubi kamar manomin da ya yi shuka. Ba wanda ya taɓa tayar min da maganar, kuma ba a canza min kujera ba.

Abin da na koya shi ne, wanda ya ji rabin magana, da wautarsa zai ƙarasa ta. In kuma mai aski yana nuna maka famfo yana girgiza yatsa, don Allah ka nemi tafinta.