Ranar da Aka Zaunar da Injiniya a Kan Masai

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta, da ranar da aka yi addu'ar shiga sabon gidan Alhaji Tanko. Shi ne gida na farko da na gina a rayuwata, kuma a ranar ne na so ƙasa ta tsage in shige. Sai dai ni da kaina na sa aka yi wa wurin daɓen kankare, na kuma bi shi da tayil.

Bari in faro daga farko. Na gama babbar difloma a fannin gine-gine, na yi bautar ƙasa, na dawo Kontagora da takarda a cikin leda da farar hular kwano irin ta injiniyoyi, wadda na saya wa kaina tun kafin kowa ya ba ni aiki. Aikin kuwa ya ƙi zuwa. Wata da watanni ina zaune a rumfar mahaifina a kasuwa ina auna wa mutane masara da dawa. (In ba ka taɓa ganin mai difloma da tiya a hannu yana gardama da tsohuwa a kan gyara ba, to ba ka san takaici ba.)

Alhaji Tanko abokin mahaifina ne, babban ɗan kasuwar hatsi, motocinsa ke kwaso buhuna daga Rijau da Kumbashi. Wata rana ya zo rumfarmu ya tarar da ni ina ɗinke bakin buhu, sai ya tsaya yana kallona.

"Wannan ba shi ne ya karanci gini ba? Me yake yi da basilla?"

Mahaifina ya ce ai ana nan ana ta addu'a.

"To, an amsa," in ji Alhaji. Ya juyo wajena. "Ina da fili a bayan gari. Ka gina mini gida, da ɓangarena, da na iyali, da na Hajiya mahaifiyata. In aiki ya yi kyau, akwai jerin shaguna da zan yi a bakin titi, kai zan ba. In ka ɓata, ka dawo ka ci gaba da awonka."

Bayan tafiyarsa mahaifina abu ɗaya ya ce mini: "Ka dai ji. Kada ka ba ni kunya."

Ni kuwa a raina har na gama shagunan, na buɗe ofis, na sa an rubuta sunana a allo. Na buɗe kwamfuta na ɗauko zanen da na yi a shekarar ƙarshe a makaranta, wanda malaminmu ya yaba a gaban aji. Na ƙara ɗaki nan, na rage can, na juya gidan gaba ɗaya don ƙofarsa ta kalli titi. Abin da na fi alfahari da shi su ne banɗakuna. Guda biyar na tsara, dogaye, sirara don kada su ci fili, masai na zama yana can ƙurya yana kallon ƙofa. Duka biyar iri ɗaya, a jere a zane, gwanin sha'awa.

Aka fara aiki. Kullum ina wurin da hulata da tef ɗin awo a ƙugu, ina zagaye ina jefa Turanci ko ba a tambaye ni ba. Babban birkilanmu shi ne Baba Audu, wani dattijo mutumin Beri wanda ya fara aza bulo tun kafin a haife ni. Ba shi da yawan magana, kuma ko tef bai cika ɗauka ba, da ido yake gaya maka bango ya karkace, in ka auna ka tarar haka ne. Wannan abu yana ba ni haushi ƙwarai, ban dai taɓa faɗa ba.

Ranar da mai aikin famfo ya zo shimfiɗa bututu, Baba Audu ya kira ni gefe.

"Injiniya, bakin masan nan, a nan zai zauna?"

"A nan zane ya ce."

"To amma in mutum ya zauna, ai zai..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce, "Baba Audu, ina ganin girmanka, amma shekaru na yi ina karanta wannan abu. Don Allah a bi zane."

Ya dube ni, ya dubi bututun, ya gyara hularsa. "To, Injiniya. A bi zane."

Daga ranar duk abin da na ce, sai leburori su haɗa baki su amsa, "A bi zane!" (Ni a lokacin na ɗauka girmamawa ce, har wani daɗi nake ji.) Kuma kada ka ce ban san inda gabas take a filin nan ba. Kullum a nan nake sallar azahar da la'asar, a kan takardar buhun siminti. Na san gabas sarai, ƙwaƙwalwata ce dai ta ajiye salla a aljihu ɗaya, zane a wani aljihun.

Gida ya tashi, aka yi rufi, aka yi filasta da fenti, aka sa tayil. Gaskiya ya yi kyau, wannan ko maƙiyina ya shaida. Alhaji ya sa ranar Asabar da hantsi a yi addu'a kafin iyali su tare. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, limamin unguwa ya zo, abokan Alhaji 'yan kasuwa suka cika wuri, mahaifina yana zaune a gaba cikin babbar rigarsa. Ni kuma na sha farar shadda, na ɗora hular kwano a kai. (Ba a aikin komai ranar, ba abin da zai faɗo wa kowa a ka. So nake kawai baƙi su san wane ne injiniya.)

Aka kawo waina da kunu. Mutane na ta shafa bango suna cewa "tubarkalla," wani har ya karɓi lambar wayata. Na ga mahaifina yana murmushi a ɓoye, na ji kaina ya ƙara girma a cikin hular.

Ana shirin fara addu'a sai Liman ya ce zai sabunta alwala. Alhaji ya miƙe da kansa ya raka shi banɗakin falon baƙi, yana cewa ai Malam ne ya kamata ya fara sa wa wurin albarka. Liman ya shiga da buta. Ko minti ɗaya bai yi ba ya fito, butar a cike yadda ya shiga da ita.

"Alhaji, wa ya tsara banɗakin nan?"

Kafin Alhaji ya buɗe baki na yi zumbur na miƙe. "Ni ne, Allah gafarta Malam!"

"Madalla. Zo, ɗana."

Na tafi ina wani taku. Alhaji ya biyo mu, mahaifina ma ya taso, Baba Audu da wasu baƙi suka tsaya a bakin ƙofa. Liman ya shigar da ni har gaban masan, ya ce, "Ina gabas?"

Na ɗaga hannu na nuna ba tare da wani tunani ba. Hannuna ya miƙe daga kan masan ya nufi ƙofa sak. Sai na kasa sauke shi. Duk wanda ya zauna a wurin nan, alƙibla zai fuskanta, daidai kamar yana sahun gaba a masallaci. Abin da ko yaron da aka fara koya wa tsarki ya sani, shi ne ni mai difloma na zuba wa kankare.

Alhaji ya yi gyaran murya. "Sauran huɗun fa?"

Baba Audu ne ya amsa daga bakin ƙofa, a hankali, ba ko murmushi: "Duk an bi zane, Alhaji."

Da ina da wayo da na yi shiru na ba da haƙuri. Amma na hango shaguna suna tashi sama, na hango tiya tana jirana, sai bakina ya kama aiki. Na ce ai na ji wasu malamai sun ce in a cikin gini ne babu laifi.

"Akwai masu wannan magana," in ji Liman. "Amma ga mai gida nan, tambaye shi."

Alhaji ya ce, "Ka san Hajiya kuwa? Wallahi gara ta ɗauki butarta ta riƙa zuwa maƙwabta, ta kuma gaya wa duk unguwa dalili."

Na ce to a juya masan ya kalli bango. Liman ya ce wato a ba alƙibla baya ke nan. Wani a waje ya fara ƙunshe dariya. Sai na jefa katina na ƙarshe, wanda har yau in na tuna sai na rufe fuska.

"Ai mutum zai iya zama a karkace."

Liman ya dube ni da kyau. Mutum ne mai sanyin hali, kuma na rantse ba da mugunta ya faɗa ba. "A karkace? To, zauna ka nuna mana."

Na dubi mahaifina, ya dubi silin. Ba yadda zan yi. Na tattare shaddata na zauna a kan murfin masan, wanda ko ledarsa ba a cire ba, da hular kwano a kaina, dattawa suna leƙe ta kan kafaɗun juna. Na fara juyawa wajen kudu. Gwiwoyina suka daki bango, don ni na tsara ɗakin siriri. Na ɗaga ƙafa ɗaya, na sauke, na gwada ta arewa. Nan ma bango. Ina cikin wannan kokawa gwiwar hannuna ta danne maɓallin ruwa.

Ruwan ya zubo da ƙara, ya yi ta ƙugi a ƙarƙashina har ya gama.

Sai Alhaji ya ce, "To, ruwa dai yana zuwa."

Nan fa wuri ya fashe. Har Liman sai da ya sa gefen rawaninsa ya rufe baki. Na fito zufa ta jiƙe mini shadda, na nemi mahaifina na rasa, ashe tuni ya sa takalminsa. Addu'a dai an yi ta, amma tarewa aka ɗaga sai an gyara.

Washegari da sassafe na je gidan Baba Audu, ba hula, na durƙusa na ba shi haƙuri. Bai yi mini gori ba. Ya ce, "Masai kudu yake kallo ko arewa. Mu kafin mu haƙa harsashi gabas muke fara nema. Ba a koya muku wannan ba?" Na ce ba a koya mana ba. Ya ce to yanzu an koya mini.

Fiye da mako muka yi muna gyara. Tayil ɗin da na zaɓa da kaina, ni na riƙa fasa shi da guduma, aka tono bututu aka juya, banɗaki biyu sai da aka rushe bango aka faɗaɗa. Da aka gama na koma rumfa na ɗauki tiyata, na cire rai da shaguna. Labari kuwa ya riga ni isa kasuwa. Mutum zai zo sayen dawa, ya karɓi kayansa, sai ya juyo ya ce, "Injiniya, don Allah ina gabas?" Mahaifina kwana da kwanaki ba ya yi mini magana sai ta awo.

Ana nan sai ga Alhaji Tanko a rumfa. Ya gaisa da mahaifina, ya dube ni.

"Na yi tunani. Shagunan nan kai za ka gina."

Na zube ƙasa. "Ranka ya daɗe, na gode da ka sake yarda da ni."

"Ba yarda ba ce," in ji shi. "Na duba ne na ga shago ba shi da banɗaki. Kuma Audu zai tsaya a kanka."

Na gina shagunan, suna nan a tsaye har yau, daga su kuma wasu ayyukan suka biyo baya. Abin da na koya bai taka kara ya karya ba. In dattijo a wurin aiki ya ce "to amma," yanzu nakan kama bakina har ya kai aya. Sannan duk filin da aka kai ni, kafin in zaro tef ko in buɗe zane, sai na tsaya a tsakiya na tambayi mai wurin inda alƙibla take. Sau da yawa nakan ji suna raɗa wa juna cewa wannan injiniyan akwai tsoron Allah. Ni kuwa ban taɓa gyara musu ba.