Alhaji Suna-Daji da Katin Banki

A duk faɗin ƙasar Katagum, in ana lissafin mutanen da Allah ya ɗaukaka, dole a fara da Alhaji Bubayero, domin in ba a fara da shi ba, shi zai fara da kansa. Mutum ne mai tarihi. Shi kaɗai ne a Azare shanunsa suka taɓa zuwa banki da ƙafarsu, suka cinye furannin bakin ƙofa, suka bar wa manaja tsarabar da sai da aka nemo shebur. Har gobe in bankin ya dasa sabon fure, masu wucewa sukan ce, "Allah ya raba ka da shanun Alhaji."

Amma bari mu ci tuwon daga gefe.

Arziki dai akwai shi, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Hatsinsa ya cika sito-sito. Manyan motocinsa ba sa hutawa tsakanin Azare da Kano. Gidajen haya kuwa, shi kansa sai ya yi tunani kafin ya tuna wasu. Ga shanu a rugage, daga bayan Bulkachuwa zuwa Chinade, har can wajen Yana. Sai dai Allah ya haɗa masa halaye biyu da ba kasafai suke kwana ɗaki ɗaya ba: yana so kowa ya san yana da shi, ba ya so kowa ya gani.

In ya zauna a majalisar 'yan kasuwa bayan la'asar, gindin dalbejiya, sai ya gyara babbar riga ya yi gyaran murya.

"Mu ba a san mu da surutu ba," in ji shi. "Amma da zan ce a kora abin da nake da shi ya bi titin Kano, na gaba ya isa Wudil, na baya bai bar Azare ba. Ba fariya ba ce, godiyar Allah ce."

To, ka bi shi gida da wata 'yar buƙata ka sha mamaki. Kwamitin rijiyar unguwa sun je. Ma'aikatan haraji sun je. Goggo Zainabu, ƙanwar mahaifinsa, wadda ɗakinta ke yoyo tun damina uku, ta je har takalminta ya san hanya. Amsa ɗaya ce, yakan ba da ita da fuskar jimami, hannu a ƙirji.

"Wayyo! Da jiya kuka zo. Kuɗin suna daji."

Daga nan ya samo sarautarsa, wadda ba a yi mata naɗi ba: Alhaji Suna-Daji.

Kuma kada a ce ƙarya yake yi, mutum ne mai tsari. Gidajen hayan nan da sunan 'ya'yansa aka rubuta su, har da wanda bai bar nono ba. Motocin na direbobinsa ne a takarda. Siton hatsi na ƙanin matarsa ne. Shi Alhaji, in ka bi ta hukuma, ƙaramin manomi ne mai gona ɗaya da keke. Yana da asusu a banki kam, ya buɗe shi ranar da aka buɗe reshen don a ɗauke shi hoto kusa da manyan baƙi. Tun daga ranar asusun yake barci, ko juyi bai yi ba. "Kuɗin banki ba ya haihuwa," in ji Alhaji. "Saniya kuwa kowace shekara."

Abu na ƙarshe da yake tinƙaho da shi ya fi duka: "Tunda uwata ta haife ni, ban taɓa cin bashin ko allura ba. A je a tambaya."

Haka duniya ke tafiya lafiya lau, har shekarar dubu biyu da takwas, da Alhaji Bunu ya dawo daga Dubai.

Alhaji Bunu Babarbare ne, ɗan kasuwar yadi, kuma tunda Alhaji Bubayero Bafulatani ne, akwai wasa tsakaninsu wanda suka gada kaka da kakanni. Kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa, ba kuma mai ikon yin fushi. Bunu bai kai rabin Bubayero ba, kowa ya sani. Kasuwancinsa duk da kuɗin banki yake yi: ya karɓa, ya saro kaya, ya sayar, ya mayar, ya sake karɓa. Wata rana a majalisa ya zaro wani ɗan kati mai ruwan zinare daga aljihu, ya ajiye kan tabarma kamar bai damu ba.

Aka ce ai katin cire kuɗi ne, an saba gani. Bunu ya ce a'a, wannan katin bashi ne. Ka shiga kanti a Dubai ko Makka, ka ɗauki abin da ka ga dama, a goga kati, banki ya biya, kai ka biya banki daga baya. "Ba kowa ake ba wa ba," ya ce, yana kallon sama. "Sai wanda banki ya yarda mutum ne. Ban ce komai game da Fulani ba."

Kati ya zaga majalisa hannu zuwa hannu. Da ya iso wurin Alhaji Bubayero, sai ya riƙe shi da yatsu biyu kamar mataccen ɓera. A Azare kaf babu kantin da ke da na'urar goga wannan kati. Shi kansa Alhaji ba ya sayen abin da bai taya ba sau bakwai. Amma wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa.

"Wannan?" in ji shi. "Wannan ai na yara ne. In bawana ya samu mai ruwan zinare, ni sai su ƙera mini na zinaren kansa. Ku shaida, jama'a: in watan nan ya mutu ban ajiye nawa kan tabarmar nan ba, ni Bubayero zan ɗauki butar Bunu in bi shi har masallacin Juma'a."

Bunu ya ce, "Kun dai ji. Bari in sa a wanke butar."

Baki shi ke yanka wuya. Amma Alhaji bai ji ko ƙaiƙayi ba. Kafin ma ya je banki, sai da ya biya wurin baduku ya sa aka ɗinka wa kati gida: jar fata, da ado, da tuntu, da igiyar ratayawa a wuya kamar laya. Mai hankali ai ba ya fafe gora ranar tafiya.

Washegari ya isa banki cikin riga mai aska takwas. Ƙofar gilashin nan mai magana ta ƙi buɗewa sai da ya ajiye tarin makullansa. Ya juyo ya dubi masu layi. "Kun gani? Har ƙofa ta san nauyin mai shigowa."

Manajan reshen, Malam Abdulhakeem, matashi ne mai ladabi, ya tashi tsaye ya tarbe shi, ya sa aka kawo lemo. Da ya ji katin bashi ne ya kawo Alhaji, ya yi masa tambayoyin da aka saba, yana rubutawa. Sana'a? Attajiri. Albashi? Alhaji ya yi dariya har hula ta karkace, ya ce shi ke biyan albashi. Kadara da sunansa? Nan ya ɗan yi tari, ya dubi ƙofa, ya rage murya. "Manaja, kai ma ka sani, ni ma na sani. Rubuta kawai: akwai." Bashin da ya taɓa ci ya biya? Alhaji ya miƙe zaune, ya buga ƙirji, ya maimaita kirarinsa na allura, har ya ce a ja layi ƙarƙashinsa.

Aka aika takardar Legas, babban ofishin bankin. Alhaji ya koma majalisa da jar fata a wuya, yana shafa ta lokaci-lokaci, yana cewa ana buga sunansa ne da injin musamman, shi ya sa aka ɗan jima.

Da amsa ta dawo, Malam Abdulhakeem ya rufe ƙofar ofis, ya daɗe yana gaisuwa, har ya tambayi lafiyar damina sau biyu. Sannan ya ce, cikin taushin murya, ba a amince ba. Ba wai ana shakkar Alhaji ba ne, Allah ya kiyaye. Amma mutanen Legas ba su taɓa zama gindin dalbejiya ba. Abin da ke gabansu suke dubawa. Asusu ba shiga ba fita. Ba gida, ba mota, ba shago da sunansa. Sannan wanda bai taɓa karɓa ba, ba a san yadda yake mayarwa ba. Malamin firamare da albashinsa ke bi ta nan duk wata ya fi sauƙin samu.

Wato shekara da shekaru Alhaji yana rantsuwa ba shi da ko sisi, ba wanda ya taɓa yarda a duk Katagum. Sai yau Allah ya haɗa shi da masu gaskata mutum.

"Malamin firamare!" Alhaji ya miƙe, riga na kaɗawa. "Ni da ban ci bashi ba ni ne abin tsoro, Bunu da ya ci ya ƙoshi shi ne amintacce? Yaro, gani kuke so? To gani ya kori ji. Ka faɗa wa Legas ta buɗe ido ranar Alhamis."

Manaja ya bi shi har bakin mota yana cewa ba haka ake yi ba, a dai fara zuba cinikin hatsi a asusun, a mayar da gida ɗaya sunansa, bayan 'yan watanni a sake nema. Ina! Wata ya kusa mutuwa, buta na jira.

Ardo Talha, dattijon da ke riƙe masa shanu tun zamanin mahaifinsa, ya girgiza kai da ya ji saƙon a koro su cikin gari. Ya tuna masa cewa Bafulatani ba ya jera dukiyarsa a titi ido ya ci, baki ya ci. Ko ƙirga su ba a yi a gaban mutane. Alhaji ya ce wannan zancen mutanen da ne, yanzu zamanin kwamfuta ake.

Ranar Alhamis da hantsi, daji ya shigo gari. Farare, jajaye, masu ƙaho kamar an buɗe hannu ana addu'a. 'Yan acaɓa suka hau kan dakali da baburansu. Mai tsire ya rungume tirensa ya shige shagon tela. Masu gadin banki suka kulle ƙofa da kansu a ciki. Shanu suka yi wa furanni sallama ɗaya. Wani bijimi ya ga ɗan'uwansa cikin gilashi, sai da makiyaya uku suka rirriƙe shi. Alhaji kuwa yana tsaye kan bayan a-kori-kura, sanda a sama, kamar mai buɗe taro.

"Manaja! Fito ka ga asusuna! Wannan kashi ɗaya ne, na Yana ba su iso ba!"

Malam Abdulhakeem ya leƙo ta taga, ya yi masa barka da arziki da zuciya ɗaya, ya ce masha Allah. Sannan ya ce, cikin ladabin nan nasa mai kashe jiki, kwamfutar Legas ba ta da gurbin saniya.

Legas ba ta gani ba. Azare ta gani.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Can gefen titi ga ma'aikatan haraji, sun sami inuwa sun zauna, fuskokinsu na sheƙi kamar ranar salla. Ga shugaban kwamitin rijiya yana ta hamdala. Ga kuma Goggo Zainabu ta dogara sanda, ta ratso tsakiyar garke ba tsoro, ta tsaya ƙarƙashin mota ta ɗaga kai.

"Bubayero," ta ce, "ashe sun dawo daga dajin? Sannunsu da hanya. Wacce ce ta kwanon ɗakina?"

Kafin sati ya zagayo an yi wa ɗakin Goggo sabon rufi, an soma haƙa rijiya, haraji ya gano cewa ƙaramin manomin nan ya ɗan girma. An kuma aiko masa da lissafin furanni. Alhaji ya bi mutane yana bayani cewa dama can niyyarsa ce ya yi waɗannan ayyukan alheri, lokaci yake jira. Game da kati kuwa, ya ce bincike ya nuna masa akwai kuɗin ruwa a ciki, shi kuma mutum ne mai tsoron Allah. Tsoron ya zo a makare da kamar wata guda, amma ba a raina shiriya.

Bunu ya zauna yana ƙirga kwanaki. Wata ya mutu, sabo ya tsaya. Ranar Juma'a ya aika gidan Alhaji da buta. Ba ta roba ba, tsohuwar butar ƙarfe ta kakansa, mai cin rabin tulu, an cika ta har wuya.

A nan dole a yaba wa Alhaji Bubayero: bai gudu ba. Ya fito cikin rigarsa mafi tsada, jar fatar nan na rataye a wuya, don ya biya baduku kuɗinsa, ba zai bar ta ta lalace a akwati ba. Ya ɗauki buta ya bi bayan Bunu, kai a sama, yana amsa gaisuwa da hannu ɗaya, kamar shi ya ɗauki Bunu aikin share masa hanya. Bunu kuwa ranar ya zaɓi hanyar cikin kasuwa, yana tsayawa gaida kowa, har da waɗanda suke gaba da shi.

Da suka kai ƙofar masallaci, inda jama'a suka fi yawa, Bunu ya juyo ya karɓi butarsa. Ya sa yatsa ya taɓa jar fatar, ya ji ta lafe kamar cikin mai azumi.

"Allah ya yi maka albarka, bawana, ko ɗigo ba ka zubar ba. To wai ina mai gidan nan? Na zinaren?"

Alhaji Bubayero ya gyara hula. Ya dubi Bunu daga sama har ƙasa, irin kallon da attajiri ke yi wa mai cin bashi. Ya sa hannu a ƙirji.

"Wayyo, da jiya ka tambaya," in ji shi. "Yana daji."