Ɗan Kallo Na Hamsin

"Ni fa kada a ba ni ƙaramin ɗakin taro," in ji Darakta, yana buga ƙirji. "Wasana ko filin ƙwallo aka ba ni sai an yi turereniya a ƙofa!"

Kada sunan ya ruɗe ka, abokina. Darakta tela ne, a ɗinkin ma sai ka yi haƙuri, don ya taɓa ɗinka wandon da ƙafa ɗaya ta girmi 'yar'uwarta. Shi ya raɗa wa kansa sunan ranar da ya tara 'yan unguwa goma sha ɗaya ya ce sun zama ƙungiyar wasan kwaikwayo.

Ana haka sai ofishin raya al'adu ya fito da tallafi. Gwamnati za ta biya hayar ɗakin taro, ta kuma ɗauke rabin kuɗin tikiti don talaka ya samu shiga. Sharaɗi ɗaya ne tak: ranar wasa jami'a za ta zo ta ƙirga 'yan kallo, in ba su kai hamsin ba, mai wasa zai biya haya da kansa. Manajan ɗakin taron ya san Darakta ciki da waje, saboda haka ya ce sai da jingina. Gogan naka ko tsayawa karanta takarda bai yi ba, ya sa hannu a kan keken ɗinkinsa.

"Baban yara, da keken nan fa muke ci," in ji matarsa.

"Ke dai ki sammaka ki kama kujera, kada ki tsaya a tsaye kamar baƙuwa."

Da tikiti ya fito, maƙwabta suka yi layi a shagonsa. Sarkin girman kai ya kore su tas. Wai wasansa na masu ilimi ne. Ya zuba tikitin a ambulan, ya fesa turare, ya bi ofis-ofis yana miƙa wa manajojin banki da likitoci da lauyoyi. Duk wanda ya ce masa "In Allah ya yarda," sai ya lissafa shi da iyalinsa.

Ranar wasa, ƙarfe huɗu na yamma, Darakta ya leƙo ta bayan labule. Kujera ɗari biyar sun zuba masa ido. A gaba akwai matarsa, da surukarsa, da ƙannen matar, da wani tsoho da ya ɗauka taron 'yan fansho ne. Jami'a, wata mai tabarau da ba ta san wasa ba duk da wasa ne aikinta, ta ɗaga biro.

"Tara."

"Ranki ya daɗe, manya ne, cunkoson hanya ya riƙe su."

"Minti ashirin na ba ka."

Darakta ya diro daga dandamali. Ya kwasa a guje zuwa bakin titi, ya faɗa wa masu jiran bas cewa ciki akwai sanyin fanka kyauta. Ya janyo mai wankin mota da sosonsa, ya lallaɓo mai gyaran takalmi, har da wata mata da ta tsaya tambayar hanya. Ya dawo gumi sharkaf.

"Talatin da takwas," in ji jami'a.

Nan dabara ta faɗo masa, irin dabarar da sai Darakta. Ya shiga bayan labule ya fara turo 'yan wasansa. Alƙali ya sauko ya zauna. Ɓarawo ya zauna gefen ɗan sanda, ankwa a hannu. Wanda zai fito a matsayin gawa ya taso naɗe da zanen gado, tsohon nan ya yi salati ya matsa kujera uku.

"Arba'in da tara."

Darakta ya duba hagu, ya duba dama, ba kowa. Sai ya gyara hula ya zauna da kansa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Hamsin cif," in ji jami'a. "To, a fara wasa."

Aka ja labule. Babu kowa a dandamali sai tebur da tsintsiya. Darakta ya zabura ya haye.

"Arba'in da tara."

Ya diro ya zauna.

"Hamsin. Ina wasan?"

Ya haye, ya diro, ya haye, ya diro. Ɗaki ya kaure da dariya, gawa har tana faɗowa daga kujera. A karo na biyar ya ɗauki kujerarsa ya hau da ita dandamali, ya zauna yana haki.

"Ranki ya daɗe, ga ni ina wasa, ga ni ina kallo!"

"Wa kake kallo?"

"Ku!"

Surukarsa ta miƙe ta yafa mayafi. "Ni dai ba da ni za a ga wannan abin kunya ba."

"Inna, don girman Allah ki zauna!"

"Arba'in da takwas," in ji jami'a, tana share hawayen dariya a ƙarƙashin tabarau. Ta rufe fayil. "Shekara goma ina wannan aiki, ban taɓa ganin wasa mai daɗin wannan ba. Amma tallafi kam babu."

Darakta na zaune a kan dandamali, baki sake, sai ga manaja ya hauro a hankali. Ya dafa kafaɗarsa cikin ladabi.

"Sannu da ƙoƙari, Darakta. Keken nan, mai ƙafa ne ko na kan tebur? Don in san ko mota zan turo ko amalanke."