Minti Goman Mai Agogo

"Lafiya ƙalau, amarya. Yau kuma da wace fitina kika zo?"

Mai Agogo ne ke amsa gaisuwar jikarsa, gilashin gyara maƙale a ido ɗaya. Sarai ya san abin da ke tafe da ita. Ita 'yan unguwa suka ɗora wa rubuta ɗan littafin tarihin unguwar, yau ƙarfe huɗu za ta miƙa wa mai ɗab'i, kuma labari ya iso masa cewa babu sunansa a ciki. Kwana uku ke nan abin na cin sa a rai.

"Tsoho, tambaya ɗaya in wuce. Yaushe aka ja famfon bakin kasuwa?"

"Tambayi manyan da ke cikin littafinki."

"Au, fushi ake? Da wannan bakin da ba haƙori?"

"Girkinki ne ya zubar da su. Karanto min manyan in ji."

Ta buɗe takardunta tana wani yanga. "Akwai likitan ido na gidan da ke kan kwanar layi."

"Da majina har haɓa na san shi."

"Akwai alƙaliya, 'yar mai gyaran takalmi."

"Wannan da sai an watsa mata ruwa take tashi daga barci?"

"To kai me zan rubuta? Ya shekara hamsin a benci ɗaya har bencin ya lotsa?"

"Rubuta ni na yi su duka."

"Kai ka haife su?"

"Allah ya kiyaye, da wannan ƙaton kan na likita?" Ya ajiye ɗan sukudirebansa, ya rage murya. "Duk agogon da ya shigo shagon nan, in na gama gyara, sai na tura shi gaba da minti goma. Na bango, na hannu, har na makarantar bayan layi. Kin taɓa jin ɗan unguwar nan ya makara jarrabawa? Ko mota ta tafi ta bar shi?"

"Wato shekara hamsin kana shirga wa unguwa ƙarya, kuma yabo kake jira?"

"Ƙaryar ce ta fitar da likita."

"Ina shaidarka? Ni ba na rubuta tatsuniyar tsofaffi." Ta kai ido kan agogon hannunta, wanda shi ya gyara mata watan jiya, ta zabura. "Na shiga uku! Huɗu saura biyar, mai ɗab'i zai rufe!"

"Duba wayarki, sarauniyar gaggawa."

Ta duba. Huɗu saura kwata. Ta kalli waya, ta kalli agogo, ta kalli tsohon da ke washe dasashi.

"Ashe kai ne! Wata guda ina zagin wayar nan wai ta lalace!"

Ta kwashe da dariya har takardu suka zube. Ta tsince su, ta zauna a lotsattsen bencin, ta cire murfin biro.

"Na sallama, angona. Faɗi yadda za a sa."

"Rubuta: wani kyakkyawan saurayi..."

"Ƙarya ɗaya ta ishe ka."

Ya leƙa yana kallo har ta gama rubuta sunansa, sama da na likita. Sai ya cire gilashin ya goge idonsa da bakin riga, wai ƙarfen ne ya matse shi.

"Famfon, shekarar da aka haifi ubanki ne," ya ce. "Tashi ki tafi. Minti goman da na ara miki sun ƙare."