Amfilifayar da Na Saya da Sikeli

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na gayyaci Alhaji Isufu cin abinci a ɗakina na unguwar Sanyuanli da ke Guangzhou ba. Alhaji babban ɗan kasuwa ne daga Maraɗi, yana neman wakilin da zai riƙa saya masa kaya a Guangzhou yana loda masa. Sunana aka ba shi, domin an san ni da tsari. Saura kawai ya gan ni ya amince.

Ni ɗan tufafi ne. A kasuwar Shahe na koyi aiki, kuma a can dokar ɗaya ce: ka ɗaga dila, in ta yi nauyi akwai kaya a ciki. Da na tashi sayen kayan sauti na gida, da wannan ilimin na tafi.

Maƙwabcina Sule, mutumin Kumasi mai safarar irin waɗannan kayan, ya ba ni shawara tun kafin in fita.

"Maigida, rabin kuɗinka ka sa a sifiku, su ne bakin da ke magana. Amfilifaya ta ci kashi ɗaya cikin uku. Ragowar na na'urar faifai ne da wayoyi. Kuma ka saurara kafin ka biya."

Na yi masa godiya, na watsar (mutumin da ke ajiye takalmi a kan firiji ba zai koya mini tsari ba, haka na ce a raina).

A shagon kayan sauti na bi ƙa'idata. Da farko na ɗaga kowane kaya. Na biyu, na jera su daga mai nauyi zuwa marar nauyi. Na uku, na raba kuɗin bisa wannan jerin. Wata baƙar amfilifaya, wato akwatin da ke ƙara wa sauti ƙarfi, ita ta zo ta ɗaya, da ƙyar na ɗaga ta. Mai shagon ya lura da ni, ya ɗaga babban yatsa.

"Lawban, ka san kaya," ya ce da guntun Turancinsa. Lawban shi ne maigida a bakinsu.

Ta cinye kusan duk kuɗin. Da abin da ya rage na ɗauki wasu ƙananan sifiku marasa suna, da waya mai kaurin zaren ɗinki. Ban ce a kunna ba. Na riga na auna.

Ranar gayyatar, Alhaji ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya zauna, muka ci shinkafa da naman rago. Sai na kunna masa waƙa. Muryar mawaƙin ta fito kamar an rufe shi a gwangwani. Na ƙara sauti, sifikun suka fara tari.

"Malam, wanga abu lafiya yake?" in ji Alhaji.

Mai hankali a nan zai kashe ya kawo shayi. Ni kuwa na miƙe na fara bayani. Na ce sifika ba komai ba ce, ƙarfi yana cikin amfilifaya, kuma kaya mai kyau a hannu ake gane shi.

"Ranka ya daɗe, tashi ka ɗaga ka ji."

Ya tashi. Na cire wayoyin, na ciccibo ta na miƙa masa. Tana tsakanin hannuna da nasa murfin ƙasa ya ɓalle. Wani curin siminti mai girman bulo ya faɗo a kan babban yatsan ƙafarsa. Abin da ya rage a hannunmu fankon kwano ne da ɗan allon lantarki kamar tafin hannu.

Alhaji bai yi ihu ba. Ya zauna, ya riƙe yatsan, ya daɗe yana kallon curin.

"Malam," ya ce a hankali, "in siminti nike so, akwai shi Maraɗi. Haka za ka cika min kwantena?"

Ni na raka shi har tasi yana ɗingishi (ya ƙi in riƙe masa hannu). Washegari na koma shagon da curin a leda. Mai shagon ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya ce "meyo", wato babu.

Kayan Alhaji yanzu wani ne ke loda su a tashar jirgin ruwa ta Huangpu, kuma duk wanda ya tambaye shi labarina sai ya nuna masa farcen yatsan nan. Abin da na koya biyu ne. Na ɗaya, kuɗin kayan sauti kunne ne ke raba shi, kuma sifika ce ke cin babban kaso. Na biyu, in har sai ka yi wa baƙo burga, ka bari ya sa takalminsa tukuna.