Yadda Za Ka Yi Sharhin Wasan Barkwancin Dare Ko Da Barci Ya Kwashe Ka

Ina mai tabbatar maka, idan ka bi matakan nan yadda na jero su, kafin a gama casar masarar bana za ka zama mutumin da ake matsawa a ba shi wuri a benci. Ba sai kana da talabijin ba, ba sai kana da sola ba. Kallon shirin ma kansa ba dole ba ne. Ni da na ƙware a harkar ban cika yin sa ba.

Shirin da nake magana a kai shi ne Raba Dare Da Dariya, wanda wata tashar Kaduna ke sawa duk Asabar bayan masu hankali sun kwanta. Gajerun wasanni ne, a gama wannan a faɗa wancan. Mu nan Maska, wanda ya wuni yana karyar masara isha'i kawai yake jira, ba ya kai lokacin shirin. Amma da safiyar Lahadi kowa yana son ya ji me aka yi. Wannan giɓin shi ne gonarka.

Mataki na ɗaya: Ka kwanta

Da an idar da isha'i ka ci tuwonka ka miƙe ƙafa. Kada ka yaudari kanka cewa za ka ɗan kishingiɗa ka tashi in lokaci ya yi. Ba za ka tashi ba, kuma babu amfanin ka tashi. Wanda ya kalli shiri, abin da ya gani yana ɗaure masa harshe. Kai da ba ka gani ba, bakinka a sake yake.

Mataki na biyu: Zaɓi majalisar da ake cin abinci

Sharhi da yunwa ba ya armashi. A garinmu wurin da ya dace shi ne teburin Bature mai shayi, saboda duk Lahadi da safe Alhaji Sanda, babban manomin masarar nan, yakan ɗauro kula a bayan mashin ya sauke mana. Tuwon masara ne malmala goma, da miyar busasshiyar kuɓewa wadda matarsa Hajiya Tsohuwa ke kaɗawa, kowa da tsokarsa. Alhaji ba ya ci. Zama yake yi a gefe yana ƙirga mu da ido, in ya ga mun zama tara sai ya tsayar da ɗan acaɓa ya cike. Yau shekara biyu ana haka, babu wanda ya taɓa tambayar dalili. Kai ma kada ka tambaya. Ka wanke hannu, ka zauna kusa da kular.

Mataki na uku: Gyara fuska kafin ka buɗe baki

Ka iso kana hamma, idonka a lumshe, kamar wanda ya sadaukar da barcinsa don al'umma. In aka ce, “Malam, yaya shirin jiya?” kada ka yi gaggawa. Ka kurɓi shayi. Ka girgiza kai a hankali. Ka yi tsaki ƙarami, ba mai ƙarfi ba, irin na likitan da ya duba hoton ƙirji. Sannan ka ce, “Kai, sun ba ni kunya.”

Mutane suna ganin girman wanda aka ba kunya. Yana nuna ka sa rai da abu babba, kuma ka san yadda babban yake.

Mataki na huɗu: Faɗi abin da ba ya canzawa

Akwai mutum uku da ba a taɓa rasa su a irin wannan shiri: ɗan sanda a shingen hanya, ɗan siyasa mai babbar riga, da maigidan da ya dawo gida ba cefane. Ka ambaci biyu, ka ajiye ɗaya don ko ta kwana. Ka ce na ɗan sandan ya yi tsawo. Kowane wasan ɗan sanda yana yin tsawo. Ka ce sun fara da kyau, suka saki layi a tsakiya, suka ɗan farfaɗo a ƙarshe. Da wannan jimlar za ka iya sharhin wasa, da ƙwallo, da taron siyasa, har da daminar bana.

Ka riƙa jefa kalmar darakta. Babu wanda ya san shi, ba shi da dangi a garin, duk laifin da ka ɗora masa zai zauna daram.

Mataki na biyar: Kada ka yi yabo, kada ka ji tsoron waya

Yabo aikin 'yan kallo ne. In dole ta kama, ka yabi na makon jiya, wanda a makon jiyan ka ce bai kai na wancan makon ba.

Wata rana wani zai zaro waya ya ce ga guntun shirin an turo masa. Kada gabanka ya faɗi. Ka leƙa da gefen ido ka ce, “Wannan ai tsoho ne, maimaici suka sa maka.” In ya nace, ka tambaye shi ko ya lura da yadda hasken ke dukan bango ta hagu. Bai lura ba. Ka ce masa kallon dariya daban, kallon ilimi daban, ka juya ka nemi ƙarin suga.

Mataki na shida: Akwai sunan da ba a ambata

Ka buɗe kunne a nan, don duk sauran matakan wasa ne in aka gwada su da wannan. A cikin 'yan wasan akwai Talha, ɗan autan Alhaji Sanda. Uban ya so ya gaje shi a gona, har ya yanka masa fili a bakin fadama, yaron ya tattara ya tafi Kaduna wasan kwaikwayo. Ranar da aka fara nuna shi, Alhaji ya tsaya a ƙofar masallaci bayan la'asar, gaban liman da kowa, ya ce, “Wallahi ba ni kallon fuskarshi cikin akwatin nan.” Tun daga ranar ba su sake magana ba. Sallah ta zo ta wuce har sau huɗu, yaron bai tako garin ba, uban bai aika ba, Hajiya Tsohuwa ta rame a tsakani.

Saboda haka a sharhinka babu Talha. Ka bi ta gefensa yadda ake bi ta gefen rijiya. Za ka ga duk lokacin da kake magana Alhaji ya juya baya yana kallon titi, amma kunnensa ɗaya yana wajenka. Ka bar shi da kunnensa.

Mataki na bakwai: Ka ɗauki darasi daga Maharazu

Maharazu ɗalibina ne, mai sayar da maganin feshi a kasuwar Danja. Yaro mai baiwa, ya iya tsakin nan fiye da ni. Matsalarsa kwaɗayi. Ya sa ido a kan filin fadamar da Talha ya bari, yana son Alhaji ya ba shi aro ya yi noman rani. Sai ya yi lissafi irin na masu wayon tsiya: tunda uba yana fushi da ɗa, hanyar shiga zuciyar uban ita ce a zagi ɗan.

Ran wata Lahadi, ana tsakiyar cin tuwo, ya ajiye lomarsa ya ce, “Ni fa jiya wanda ya fi ɓata mani rai yaron nan ne Talha.”

Na zungure shi da gwiwar hannu, bai ji ba.

“Ɗan sanda ya fito,” in ji Maharazu, “ya tsaya ƙiƙam kamar turke. Ko murmushi bai sa kowa ba. Gaskiya Alhaji ka yi daidai da ka cire hannunka.”

Alhaji Sanda ya juyo gaba ɗaya, abin da bai taɓa yi ba.

“Me ka ce ya fito?”

“Ɗan sanda, Alhaji.”

“Ɗan sandan gidanku! Manomi ya fito! Manomin masara a kasuwar Funtua, dillali na so ya karya mashi farashi. Ya ɗauki ƙwaya guda ya ciza da haƙorin gefe, ya tofar hagu, ya ture hula baya, ya ce wannan masarar ko hakimi ya zo saye sai ya yi mata sallama. Sai da uwarshi ta danna mani filo a baki don kada maƙwabta su ji dariyata. Kai ina kake? Kana can kana munshari!”

Yana faɗa yana nunawa. Ya tofar hagu, ya ture hularsa baya, daidai yadda muka saba ganinsa yana yi a bakin rumbu tun muna yara. A nan kowa ya gane wanda Talha ya kwaikwaya, kuma kowa ya gane inda Alhaji yake duk Asabar.

Malam Awaisu, na'ibin liman, wanda ba ya fashin tuwon nan, ya yi gyaran murya ya ce, “To Alhaji, rantsuwar fa?”

“Yo Malam, tuwon da kuke ci duk Lahadi kun zaci na mene ne? Kaffara ce. In na kalla da dare, da safe in ciyar da miskinai goma.”

Muka kalli juna. Ni dai raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum da shanun huɗarsa biyu da mashin ɗinsa, a wayi gari shekara biyu yana cikin jerin miskinai bai sani ba. Da na nuna rashin jin daɗina, Alhaji ya ce duk wanda yake wanke hannu tun kafin a buɗe kula ya cancanta.

Mataki na takwas: Ka san lokacin da ake taka wa malami ƙafa

Na ga Malam Awaisu ya kalli malmalarsa, ya kalli Alhaji, ya sake kallon malmalar. Na san abin da ke zuwa. Na yi masa ido, na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur har sai da ya yi ƙara. Amma ilimi ya fi ƙarfinsa.

“Alhaji,” in ji shi cikin sanyin murya, “ai rantsuwa ɗaya kaffara ɗaya ce. Tun ranar farko da ka kalla ka ciyar, ta warware. Babu komai a kanka tun tuni.”

Alhaji ya juyo ya dubi Malam Awaisu.

“Wato duk wannan lokacin ba abin da ya ɗaure ni?”

“Babu, Alhaji.”

Sai ya miƙa hannu ya karɓi wayar Bature. Bai tambayi kowa lamba ba, da ka ya danna ta.

“Kai Talha. Ni ne.” Ya saurara kaɗan. “Hular nan da ka sa jiya tawa ce, tun da ka tafi nake nemanta. Ka kawo mani abata. A'a, ban ce ka ba direba ba. Da ƙafarka.”

Na tausaya wa tsohon nan. Na kuma tausaya mana, don na riga na hango abin da za mu rasa.

Kuskurena ɗaya a matsayina na malami, na taka ƙafar a makare. Kai ka taka tun kafin ya yi gyaran murya.

Mataki na tara: Nemi wani gari

Talha ya iso ranar Juma'a da hular a hannu. Uban ya karɓa, ya jujjuya ta, ya ce ta tsufa ba ta da amfani, ya kifa masa ita a kai. Yanzu duk Asabar Alhaji yana fito da talabijin ƙofar gida ya shimfiɗa tabarmi, yana zagayawa yana tashin masu gyangyaɗi idan an kusa nuna ɗansa. Garin kaf ya zama 'yan kallo. Wanda ya gani da idonsa kuwa ba ya bukatar masani.

Kula ba ta sake zuwa ba. Maharazu bai samu fadama ba, kuma har yau mutum tara ba sa amsa sallamarsa da daɗin rai. Idan haka ta same ka, ka hau mota zuwa Malumfashi ka nemi majalisar da ba ta da sola. Kafin ka zauna ka bincika a hankali ko akwai mai ɗa a talabijin.

Sanarwa

Ni mai wannan darasi ba ni da hannu a duk abin da ya biyo bayan aiki da shi. Idan aka kama ka, ban san ka ba. Idan aka tashe ka daga benci, ƙafarka ce ta kai ka. Idan ka gano an daɗe ana lissafa ka cikin miskinai, ka kai ƙararka wurin wanda ya ƙirga ka. Idan kuma sharhinka ya jawo uba ya kira ɗansa a waya, tuwon mutum goma ya salwanta, kada ka kuskura ka ce ni na koya maka. Ni abin da na ce ka yi shi ne ka kwanta ka yi barci.