Rasuwar Tada-Rago a Hannun Taubashina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi baƙin ciki zafi wanda zan zo kansa, ni Mahaman Makaɗi na unguwar bakin tabki, nan Madarunfa, nake sanar da ƴan uwa da abokan arziki, da manoman Gabi da na Sarkin Yamma, da duk wanda ya taɓa ɗaga garma don ya ji muryarta, cewa gangar noman gidanmu, Tada-Rago, ta riga mu gidan gaskiya. Ta rasu tana da shekara sittin da ɗoriya, bayan jinyar shekara huɗu a kan reshen gawo, jinyar da ba a sanar da ni ba ko sau ɗaya.

An sassaƙa marigayiya daga icen alilliba na dajin Baban Rafi. Kakana Ɗan Azumi ne ya ɗauko kangonta a kan jaki, ya yi mata fuska biyu da fatar akuya, ya ɗaure ta da tsirkiyar da ya murza da hannunsa. Ta yi masa aiki har ya tsufa, ta yi wa babana har ya kwanta dama, sannan ta zo hannuna. Duk tsawon wannan zamani duka ne abincinta, amma ba wanda ya taɓa jin ta yi ƙorafi. Abu ɗaya ta ƙi a duniya, shi ne raɓa. In ta kwana cikin sanyi sai an juya fuskarta ga rana kafin ta yarda ta yi magana, kuma wannan hali ne da ta yi tarayya da dattawa da yawa na garin nan.

Waɗanda suka san ta za su shaidi muryarta. Da hantsi, ranar gayya, in ta ce gidim, gidim-gidim, masunta da ke kan gorunansu a tsakiyar tabki sun san gonar wa aka shiga. Ba ta rufa wa kowa asiri. In ta hango wani ya zame gindin kalgo yana riƙe da ciki, nan take za ta ce: «Rago, rago, ciwon nan ba ya zuwa ranar tuwo.» Sai ka ga mutum ya warke ba likita. Daga nan ta samo sunanta.

Ta san taken maza fiye da ɗari. Ga ƴan bana da suka tashi da kiɗan salula a kunne, take shi ne kirarin da ganga ke yi wa mutum shi kaɗai, wanda in ya ji shi a tsakiyar gona tsikar jikinsa za ta tashi, ya manta da gajiya da yunwa. Cikin dukkan taken da marigayiya ta sani, babu wanda ya kai na Ɗanlami daɗi, wato taubashina, ɗan Gwaggo Ɗelu ƙanwar babana. Kaka ne ya yi masa shi da kansa. Lokacin ya riga ya miƙa wa babana ganga, amma ranar da Ɗanlami yana ɗan shekara goma sha biyar ya riga manya kai ƙarshen gona, tsohon ya miƙe da ƙyar, ya karɓi gula, ya buga: «Na Ɗelu, garma ci ƙasa, rana ta faɗi kai ba ka faɗi ba.» Ni da na gaji gangar, kaka bai yi mini take ba, don makaɗi ba shi da take. Na buga wa Ɗanlami nasa sau ba adadi, kuma ban taɓa jin ƙyashi ba. To, na ji kaɗan, amma ban taɓa rage masa ko bugu ɗaya ba.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce gayya ta ja baya, kowa ya koma ɗaukar ƴan ƙwadago, ni kuma na ga iyali ba za su ci kirari ba. Na yi permi, wato lasin tuƙi, na kama tuƙin kamyo, babbar motar kaya, tsakanin Ɗan Issa da Katsina. Kafin in tafi na shafa wa marigayiya mai, na naɗe ta da tsohon bargo, na rataye ta a ɗakin Gwaggo Ɗelu, ɗiyar mai ita na farko. A ganina babu inda ya fi nan amana a duk faɗin ƙasar Maraɗi. Na manta Gwaggo tana da ɗa.

Ga yadda ciwon ajali ya kama ta, kamar yadda shaidu suka tabbatar mini. Shekara huɗu baya, Ɗanlami ya shiga sha'awar zuma. Maimakon ya saƙa amya da gamba kamar kowane ɗan halak, sai ya ɗaga kai a ɗakin uwarsa ya ga icce fafaffe yana rataye ba aiki. Ya sauke ta. Ya yanke tsirkiyar da kaka ya murza, ya kwaɓe mata fuska biyu, ya yaɓe ta da kashin shanu ciki da waje, ya turara ta, ya toshe bakinta da faifai, ya hau gawon da ke bakin gonarsa ta hanyar Gabi ya ɗaure ta a can. Gwaggo ta yi magana, ya ce mata kayan taubashi kayansa ne, haka aka gada. Ƙudan zuma kuwa ba su san tarihi ba, suka ga gida mai kyau suka tare.

Akwai wani abu da nake jin nauyin rubutawa, amma sanarwar rasuwa ba wurin ɓoye gaskiya ba ce. Shekara biyu a jere Ɗanlami yana aiko mini da zuma a kwalba har Ɗan Issa. Na sha da fura, na lasa da yatsa, na raba wa abokan tuƙi muna jiran ƴan duwan na kan iyaka su sallame mu. Har saƙon murya na aika masa ina sa masa albarka, ina cewa ban taɓa shan zuma mai ƙamshin wannan ba. Ashe cikin gangar kakana nake lasa. An ce da ya saurari saƙon sai da ya kwanta ƙasa don dariya, ya kuma kunna wa mutane a bakin kasuwa.

A ɗiba ta uku rai ya yi halinsa. Wutar da ya hau da ita don korar ƙudan ta kama igiya, ta lashi gefen marigayiya, ta faɗo daga tsawon gaba uku ta tsage tun daga baki har gindi. Wanda ke kusa ya ce sautinta na ƙarshe shi ne ƙwas, ita da a da ake jin ta ƙetaren tabki. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne ba ta tafi a banza ba. Masu hayar gidan sun bi mata haƙƙi a take, suka rufe Ɗanlami tun daga wuya har ƙeya. Kwana uku kansa yana kamar tulu, har matarsa ta tsaya a ƙofa tana tambayar baƙon wa yake nema.

Duk wannan ban sani ba. Abin da na sani shi ne bana ido ya fara gardama da hanya, na ga gara in ajiye sitiyari kafin in kai mutane lahira. Ana nan sai ga saƙon Ɗanlami, yana cewa zai yi gayya a noman bana, irin wadda aka rabu da gani, surukansa na Sarkin Yamma za su zo, kuma Sarkin Noma da ya tsufa zai zo ya duba wanda zai naɗa wa rawani ya zama magajinsa. Ya ce in dawo gida in buga masa taken kaka a gaban jama'a, don ni kaɗai na rage a duniya da na san yadda ake buga shi. Na yi murna har na yi ƙwalla. Na tattaro komatsaina, na sauka Madarunfa, ban ko sha ruwa ba na nufi ɗakin Gwaggo. Ƙusa na tarar a bango, da bargon a ƙarƙashin akuya.

Da na tare Ɗanlami, haƙoransa duka a waje ya amsa mini. «Haba Mahaman, wasa ne fa. Icce na, wani icce shi maye. Mi a abin fushi tsakanin taubasai?» Na kai ƙara wurin mai gari. Dattawa suka saurare ni har ƙarshe, suna ta gyaran murya don kada dariya ta kuɓuce, sannan mai gari ya yanke cewa tun kaka da kakanni babu shari'a tsakanin taubasai, abin da ɗaya ya yi wa ɗaya wasa ne, wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Na karɓi wannan hukunci hannu bibbiyu. Ina roƙon duk wanda ya halarci zaman ya riƙe shi da kyau, kada a manta ko kalma ɗaya.

Marigayiya ta bar gula ɗaya, wadda Gwaggo ta ɓoye a cikin kwallarta, Allah ya saka mata da alheri. Ta bar maratayinta, wanda yanzu yake wuyan jakin Ɗanlami. Ta bar ƙudan zuma masu yawa da suka watse ba a san inda suke ba. Ta bar Gwaggo Ɗelu, wadda tun ranar da na dawo ba ta iya haɗa ido da ni, alhali ba ita ta yi ba. Sai kuma ni, da hannu biyu suna ƙaiƙayi.

Tun da ba a barin gida babu ganga, iyali sun shiga neman wadda za ta gaje ta, kuma ya kamata jama'a su san yadda aka yi zaɓen. Abdoul Aziz, tsohon maƙwabcinmu da ke kiɗan zamani a wuraren biki a Maraɗi, ya kai ni ya nuna mini irin nasu da suke kira batiri: ganguna biyar a jere, da faya-fayen tagulla, mutum na zaune bisa kujera yana duka da hannu da ƙafa. Na zauna na gwada, kuma ba zan yi ƙarya ba, ta burge ni. Amma ba a rataya ta a bi manoma cikin gona, kuma duk hayaniyarta ba ta iya kiran sunan mutum ɗaya. Wani ya kawo mini wadda aka yanko daga tanon mai, wato duro, marar nauyi, ba ruwanta da gara. Na buga sau biyu na ji kamar ana faɗa a gidan maƙera, na mayar masa da abarsa.

Daga ƙarshe na je Sarkin Yamma wurin Aminu masassaƙi. Ya fito mini da guda biyu. Ta farko alilliba ce, mai taushin murya, da na taɓa ta sai da gabana ya faɗi, don kamar marigayiya ce ta yi gyaran murya. Da a ce don kiɗa kawai na dawo, da ita zan ɗauka. Ta biyu kirya ce, baƙa, mai nauyin tsiya, muryarta da kaushi ba ta san lallashi ba. Aminu ya ce kada in ɗauke ta, za ta ci mini kafaɗa a shekaruna, kuma ba ta dace da kirari ba. Na tambaye shi iya ina ake jin ta. Ya ce in iska ta ba da hannu, har Gabi. Na ce ya ja mata fata ya ƙara tamkewa. An raɗa mata suna Wasa-Ne.

Gwaggo Ɗelu ta kira ni ta ce in dubi zumunci, in dubi kabarin kaka. Na durƙusa na saurare ta, na yi mata alkawari guda, kuma zan cika: sunanta ba zai fito a bakin sabuwar ganga ba, sai da alheri. Abin da ya wuce wannan, na ce ta yi mini haƙuri.

Za a yi jana'izar marigayiya ranar Asabar mai zuwa da hantsi, ranar gayyar Ɗanlami, a gindin gawon da ta faɗo daga kansa, kafin kowa ya sa garma a ƙasa. Ba za a yi mata salla ba, liman ya riga ya ja mini kunne, ni ma na san icce ce. Masu zuwa su taho da malfa, don gawo ba ya inuwa da damina. Ana gayyatar surukai na Sarkin Yamma su matso sahun gaba, a kuma shimfiɗa wa Sarkin Noma tabarma inda zai ji da kyau.

Kafin a rufe ta, zan ɗauki gular kaka in buga taken Na Ɗelu a kan tsagaggen kangon, sau ɗaya. Kowa zai ji yadda ya koma, ƙwas-ƙwas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar da ba kowa ciki. Daga nan za a binne su tare, gangar da taken, kuma ba zan ƙara buga shi ba har in bi su. Bayan an mayar da ƙasa, Wasa-Ne za ta shiga gona ta kira kowane manomi da takensa na gado. Mai gayya ma ba za a bar shi haka ba, an yi masa sabo, kuma matan unguwarmu sun riga sun haddace amshi: «Ɗanlami mai noman sama, gona a ƙasa ido a gawo, rawanin da kake nema ƙudan zuma sun riga sun naɗa maka.» Za a buga shi daga hantsi har la'asar, da kowace gayya, da kowane suna da biki da aka kira ni, iya kwanakin da Allah ya ara mini.

Za a karɓi gaisuwa a zauren gidanmu har kwana uku. Wanda ya zo da zuma ya koma da abarsa. Wanda kuma ya ji kiɗan ya yi masa zafi, mai gari yana nan inda muka bar shi, kuma ya riga ya faɗa a gaban dattawa cewa babu shari'a tsakanin taubasai.